Filin da Na Saya a Maƙwabtan Fankokin Lantarki

Shekara biyu na yi ina neman ɗan fili a karkara wanda zan kafa ƙaramin gidan katako a kai, ɗaki ɗaya da falo da baranda, domin ni da iyalina mu riƙa zuwa hutun ƙarshen mako nesa da hayaniyar gari. Duk filin da aka nuna mini a tsawon wannan lokaci, ko dai ya fi ƙarfin aljihuna, ko kuma babu hanyar da mota za ta bi ta kai gare shi da zarar ruwa ya sauka. Saboda haka ranar da dillali ya kira ni ya ce ya samo mini eka uku a kan tudu, da hanyar tsakuwa har bakin filin, kuma a farashin da bai kai na sauran filayen yankin ba, ban tsaya dogon tunani ba na ce masa ina tafe. Sai da muka zo sallama ya ƙara da cewa akwai tashar lantarki mai aiki da iska a kusa, amma wai ba abin damuwa ba ne, fankoki ne kawai suke juyawa abinsu.

Da tsakar rana muka isa. Fankokin suna jere a kan tudun da ke gabas da filin, farare tas, kowace da fikafikai uku, kuma na amsa cewa sun ba ni sha'awa. Iska tana kaɗawa sosai, ciyawa tana ta kwanciya tana tashi, ganyayen itatuwa suna ta ƙara. Dillalin ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, saurara da kyau, ka ji wani abu?" Na kasa kunne, ban ji komai ba sai iskar da ke dukan kunnena. A nan take na ba da ɗan kafin alƙalami domin kada wani ya riga ni, sai dai Allah ya taimake ni na nace a rubuta cewa za a mayar mini da kuɗina idan binciken takardu ya nuna wata matsala.

Muna shirin komawa mota sai ga wani dattijo mai gona a iyakar filin yana gyara shingensa. Na ƙarasa na gaishe shi, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni, ya dubi fankokin, sannan ya ce, "Ɗana, ai da rana ka zo. Ka dawo da dare ka kwana, kuma kada ka tafi sai rana ta fito." Na ce, "Baba, me ke faruwa da daren?" Ya ce shi ba zai ɓata cinikin kowa ba, ni dai in zo in ji da kunnena.

Ranar Asabar ta gaba na dawo ni kaɗai, na ajiye mota a daidai inda nake tunanin kafa ɗakin kwana, na sauke gilashi. Wajen ƙarfe goma na dare iskar ƙasa ta kwanta gaba ɗaya, ko ganye ba ya motsi, amma da na ɗaga kai sai na ga fankokin suna juyi fiye da yadda suka yi da rana. A lokacin ne na fara jin sautin. Ba ƙara ce mai tsanani ba, domin da mutum biyu suna hira a gefena da sun danne ta. Wani irin huci ne mai tashi yana sauka, fuu, fuu, fuu, kamar ana kaɗa babban zane a nesa, kuma ba ya kuskure lokacinsa. Na duba agogo na ƙirga, sai na samu kusan sau 45 a minti ɗaya, wanda ya yi daidai da lissafi, tunda fanka mai fikafikai uku da ke zagayawa sau 15 a minti fikafikanta za su wuce ɗaya bayan ɗaya sau 45. Abin da ya hana ni barci shi ne wannan maimaituwa, domin kunne yana sabawa da ƙarar ruwan sama ko ta kogi, amma sautin da ke zuwa daki-daki kunne yakan zauna yana jiran na gaba.

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa dare ya bambanta da rana. Da rana zafin ƙasa yana cakuɗa iskar sama da ta ƙasa, sai su riƙa tafiya kusan tare, kuma ƙarar ciyawa da ganye ta rufe ƙarar fanka. Da dare kuwa, musamman idan sama ta yi garau, ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta lafa, alhali can sama wajen mita 90 ko 100 inda kan fankar yake iska tana gudu abinta. Wato lokacin da injin ya fi aiki shi ne lokacin da babu abin da zai rufe sautinsa. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Frits van den Berg ya auna wannan a tashar Rhede da ke kan iyakar Jamus da Holan, ya wallafa sakamakonsa a 2004, inda ya nuna cewa ƙarar dare takan zarce abin da aka yi hasashe tun farko nesa ba kusa ba. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani.

Da asuba na ɗan samu barci, sai wani abu ya tashe ni jim kaɗan bayan fitowar rana. Cikin motar yana yin haske yana yin duhu, kamar wani yana wasa da makunnin fitila. Rana ta ɓullo daidai bayan fanka ta uku, inuwar fikafikanta tana sharar filin ɗaya bayan ɗaya, tana bi ta kan gilashin mota da kan hannuna da kan ɗan littafin da nake rubutu. Na fita waje, abin ya ɗan yi sauƙi, amma da na koma ciki sai ya dawo da ƙarfinsa, domin a rufaffen wuri duk hasken ta taga ɗaya yake shigowa, idan aka tare shi ɗakin gaba ɗaya ne ke ƙiftawa. Minti ashirin da wani abu aka yi ana haka kafin rana ta ɗaga inuwar ta janye. Fankar tana da tsawon mita 140 idan an haɗa da fiffiken da ya miƙe sama, kuma lokacin da rana ba ta wuce digiri 10 daga doron ƙasa ba, abu mai wannan tsawo yakan jefa inuwa kusan mita 800 ko fiye. Filin kuwa mita 600 ne kawai tsakaninsa da ita, kuma yana yamma da ita, wato daidai inda inuwar safe ke faɗuwa. A Jamus ƙa'idar da ake bi ita ce kada wannan ƙiftawa ta wuce sa'a 30 a shekara ko minti 30 a rana a kan gidan mutum, kuma akan sa wa injin na'urar da za ta tsayar da shi idan ya kai iyaka. Masu tsara irin waɗannan tashoshi sukan ɗauka cewa matsalar ba ta cika wuce ninki goma na faɗin da'irar fikafikai ba, wato kilomita ɗaya ga fanka mai faɗin mita 100.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, domin na ce a raina ai kwana biyu ne a mako, kuma ana iya sa labule mai kauri. Abin da ya kashe cinikin takarda ce. Lauyata ta je ofishin rajistar filaye ta nemo duk abin da aka taɓa rubutawa a kan filin, sai ta kira ni ta ce, "Malam, ka zo ofis, wannan ba maganar waya ba ce." Ashe tun kafin a gina tashar, mai filin ya sa hannu a wata yarjejeniya da kamfanin, inda ya amince da ƙara da inuwa a kan filinsa, ya yarda ba za a gina wani abu ko a dasa itacen da zai wuce wani tsawo ya tare iska ba, ya kuma ba da wani zirin ƙasa a gefen arewa wanda aka binne wayar wuta a ƙarƙashinsa, inda ba a gini kuma ba a haƙa. A madadin haka ana biyansa wani abu duk shekara. Lauyar ta nuna mini layin da ya fi muhimmanci da bakin biro: sharuɗɗan suna bin ƙasar ne duk hannun da ta shiga, amma kuɗin shekara mai sayarwa ya keɓe wa kansa. Da na saya, da na gaji alkawarin yin shiru ba tare da ladansa ba. Ga dalilin arahar nan ya fito fili, kuma har yau ban yarda cewa dillalin bai san da zancen ba, ko da yake ya yi ta rantsuwa. Sai da aka yi wata biyu ana kai ruwa rana kafin kafin alƙalamina ya dawo, kuma ba don wannan layi ɗaya da na sa aka rubuta ba, da ya tafi ke nan.

Akwai wani abu da lauyar ta faɗa mini a ranar wanda ya sauya yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya. Na kawo mata zancen dokokin tazara da na karanta: a Denmak ba a kafa fanka kusa da gida ƙasa da ninki huɗu na tsawonta, jihar Bavariya ta Jamus ta kafa dokar ninki goma a 2014, Poland ta yi irinta a 2016 kafin ta sassauta zuwa mita 700 a 2023. Ta ce duk wannan gaskiya ne, amma in lura cewa irin waɗannan dokoki da iyakokin ƙara an fi yin su ne domin kare gidan da fanka ta zo ta tarar. Wanda ya zo daga baya ya gina a gindinta da ƙafarsa ya zo, kuma ba lallai ne a lissafa shi cikin waɗanda kamfani zai tsayar wa da inji ko ya rage wa ƙara ba. A wasu wuraren ma dokar kan yi aiki ta ɓangare biyu, kamar yadda ta Poland ta 2016 ta hana gina sabon gidan zama a cikin wannan tazara. Saboda haka tambayar farko ba ta ƙara ba ce, ita ce ko hukuma za ta ba ni izinin gina wurin kwana a filin ma tukuna.

Matata ta so mu bar yankin baki ɗaya. Ta ce, "Maigida, hutu muke nema ko jarrabawa?" Ni kuma na riga na ga amfanin wurin: hanyoyin da kamfanin ya shimfiɗa domin manyan motocin da suka kawo fikafikai sun fi duk wata hanyar karkara da na taɓa bi, kuma babu mai zuwa ya cika gefen tashar da gine-gine nan kusa. Game da lafiya ma hankalina ya ɗan kwanta, domin binciken da hukumar lafiya ta Kanada ta fitar a 2014, wanda ya shafi gidaje 1,238 a lardunan Ontariyo da Tsibirin Prince Edward, bai samu alaƙa tsakanin ƙarar fankoki da cututtukan da mutane suka ba da rahoto ba, amma ya samu cewa takura da ɓacin rai suna ƙaruwa yayin da ƙarar ke ƙaruwa. Wannan ya yi daidai da abin da na ji a jikina a cikin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a shawarwarin da ta ba yankin Turai a 2018, ta ce a riƙe matsakaicin ƙarar ƙasa da desibel 45, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Muka yi yarjejeniya da matata cewa zan sake nema, amma ba zan sa hannu a komai ba sai ita ma ta kwana a wurin ta amince.

A karo na biyu ban fara da dillali ba, da taswira na fara. Na je ofishin tsara ƙasa na nemi a nuna mini takardun izinin tashar, waɗanda kowa yana da damar dubawa, kuma a ciki na samu abin da babu mai talla da zai gaya mini: wurin kowace fanka, zanen da ke nuna inda ƙara ke kaiwa, zanen inuwa na shekara guda, da kuma ɓangaren da iska ta fi fitowa. Sauti yakan ragu da kusan desibel 6 duk lokacin da aka ninka tazara daga inji ɗaya, amma idan layi ne na injuna da yawa raguwar ba ta kai haka, kuma wanda iska ke busowa daga fankoki zuwa gare shi ya fi jin su nesa ba kusa ba a kan wanda ke gefe. Inuwar safe yamma take faɗuwa, ta maraice gabas, ta tsakar rana kuma gajera ce, sai dai mafitar rana tana matsawa kudu da arewa a cikin shekara, don haka filin da ya tsira a wannan wata yana iya shiga inuwa bayan wata huɗu. Da na haɗa waɗannan sai na ja da'ira da fensir a kudu da ƙarshen layin fankokin, na ce a nan kawai zan nema.

A wannan ofishin ne kuma na yi tambayar da na fi alfahari da ita, wato ko akwai wata sabuwar buƙata da aka shigar ta faɗaɗa tashar. Na yi ta ne saboda a hanya na hango wani siririn dogon ƙarfe da aka ɗaure da wayoyi, da 'yan kofuna suna juyawa a jikinsa. Ma'aunin iska ne, kuma kamfani ba ya kafa shi don ado. Yakan bar shi shekara ɗaya ko fiye yana tara bayanai kafin ya yanke shawarar gini. Aka nuna mini cewa faɗaɗawar da ake nema ta arewa ce, nesa da da'irata. Akwai kuma batun tsufa. Irin waɗannan injuna akan yi musu lissafin shekara 20 zuwa 25, wannan tasha kuwa ta riga ta ci rabin wa'adinta, kuma abin da aka saba yi a ƙarshe shi ne a cire tsofaffin a kafa sababbi waɗanda ba su kai su yawa ba amma sun fi su tsawo sosai. Don haka na yi lissafin tazarata da fanka mai mita 200, ba da mai 140 da ke tsaye yau ba.

Bayan wata biyar aka samu eka biyu a cikin da'irar, kilomita ɗaya da mita 700 daga fanka mafi kusa, da ɗan tudu a tsakani wanda ya ɓoye gindinta. Ya fi na farko tsada kuma bai kai shi kyan gani ba. Sau huɗu na kwana a can a yanayi daban-daban, biyu daga ciki tare da matata, kuma da gangan na zaɓi dare ɗaya da aka yi hasashen iska za ta juyo daga arewa. A wannan daren mun ji hucin, siriri, sai mutum ya yi shiru ya neme shi. A sauran ukun kwaɗi da gyare ne kawai. Abin da ya fi damun matata jajayen fitilun da ke kan fankokin ne, waɗanda ake sawa domin jiragen sama, suna ƙiftawa gaba ɗaya a lokaci guda kamar an yi musu umarni. Akwai ƙasashen da suka fara amfani da na'urar da ba ta kunna su sai jirgi ya kusanto, Jamus ma ta wajabta hakan, amma wannan tasha ba ta da ita. Muka tsaya a tsakiyar filin da dare muka juya har muka samu kusurwar da ba a ganinsu, muka kafa turke a wurin muka ce nan tagar ɗakin kwana za ta kalla.

Sauran aikin irin wanda kowane mai sayen fili a karkara ya sani ne, kuma ba a yin cinikin biri a sama. Lauya ta tabbatar babu wata yarjejeniya da ke bin wannan ƙasa, hukuma ta ba da amsa a rubuce cewa ana iya gina wurin kwana, safiyo ya zo ya gano cewa shingen da mai sayarwa ya nuna mini ya shiga gonar maƙwabci da taku goma sha biyu, aka gyara kafin a biya. Hanyar ce ta ɗan ja lokaci, domin kyakkyawar hanyar tsakuwar nan ta kamfani ce ba ta gwamnati ba, yana da ikon sa mata ƙofa da kwaɗo duk ranar da ya ga dama, don haka sai da na samu haƙƙin wucewa a rubuce ta gonar dattijon nan da ya fara ba ni shawara, wanda ashe ƙasarsa ta miƙo har nan. Wuta kuwa, duk wanda ya ziyarce mu sai ya yi dariya idan ya ga farantan sola a kan rufinmu alhali ga tashar lantarki a gabanmu. Wutar da fankoki ke samarwa ana tara ta ne ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa masu ƙarfin dubban bolt, galibi wajen 33,000, a kai ta ƙaramar tasha a ƙara mata ƙarfi, sannan ta hau babban layi ta tafi. Babu wata waya da za a ja wa maƙwabci daga gindin fanka. Ita wannan ƙaramar tasha ma na je na tsaya a bakin shingenta da dare, domin tiransifoma tana da nata gurnanin wanda ba ya jiran iska, na tabbatar ba ya isowa filina.

Na yi tunanin ranar sayarwa kafin in biya, tunda fili ba a saye shi don yau kaɗai ba. Binciken da ɗakin nazari na Lawrence Berkeley a Amurka ya fitar a 2013, bayan duba cinikin gidaje sama da 50,000 a jihohi 9, bai ga wata tabbatacciyar faɗuwar farashi ba. Amma Stephen Gibbons na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, wanda ya duba Ingila da Wales, ya samu ragin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ga gidajen da ke cikin kilomita 2 kuma ana hango fankokin daga cikinsu. Ni na ɗauki na biyun ne na yi aiki da shi, na ajiye shi a kan tebur lokacin ciniki, kuma mai filin ya rage mini wani abu ba tare da doguwar jayayya ba, domin shi ma ya san tun yaushe filin yake jiran mai saye.

Yanzu gidan ya tsaya, bangon da ke fuskantar arewa ba shi da taga sai wata 'yar ƙarama a makewayi, kuma na sa kafinta ya ninka katakon wannan ɓangare ya cusa abin tare sauti a tsakani. Na dasa layin itatuwa a wannan gefen, ko da yake na san ganye ba ya tare ƙarar da ke saukowa daga mita 90 a sama. Amfaninsu shi ne su rufe fitilun, su kuma yi tasu ƙarar idan iska ta taso. Ɗan littafin da na fara rubutu a cikinsa a daren farko yana nan rataye a bayan ƙofa, kuma duk daren da muka ji hucin nakan rubuta kwanan wata da ɓangaren da iska ta fito, domin in samu abin nunawa ranar da kamfanin zai kira taron maƙwabta a kan sababbin injuna. A makon jiya dattijon ya leƙo da safe ya tarar da ni ina rubutu a baranda, ya tambaye ni ko na yi barci. Na ce, "Na yi, Baba, sai dai wajen ƙarfe uku iska ta juyo." Ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya ji ta, sannan ya nemi aron tsani.